Ranar da Birkila Ya Zuba wa Cakulan Ruwa

Akwatin yana bakin ƙofar falo tun da safe. Matar birkila ce ta haɗa shi da kanta, da hannu ɗaya, ba ta yarda mijin ya taɓa ko zif ɗinsa ba. Yayarta za ta zo da mota da azahar ta ɗauke ta. An ce hutu za ta je, na 'yan makonni. Amma mai zuwa hutun 'yan makonni ba ya naɗe hoton bikinsa cikin tawul ya cusa a ƙasan akwati, kuma birkila yana kallo ta yi hakan.

Watanni ke nan da ciwon ya same ta. Tana tsaye a shagon kek ɗin da ta yi shekaru tana aiki, ludayi ya faɗi daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo. Baki ya dawo, har ya fi da kaifi in ji mijin. Hannun dama ne ya tsaya a hanya: yatsun sun lanƙwashe, suna ɗan motsi, ba sa riƙo. A asibiti aka ba ta wani dunƙulen roba aka ce ta riƙa matsawa kullum. Yana can ƙarƙashin gado yana tara ƙura.

Gaskiya ɗaya ce, kuma sai an faɗe ta: birkila yana da laifi a wannan. Bai taɓa yi mata tsawa ba, bai taɓa nuna gajiya ba. Laifinsa tausayi. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ya riga ta. Ta tashi za ta goge tebur, sai ka ji, "Zauna, Kuku, zauna." Ya koyi dafa shinkafa da taliya, ya hana ta shiga kicin, ya sayo kujera mai taushi ya ajiye mata a gaban talabijin. Maƙwabta suna ta yabonsa, ga miji na gari. Mutane ba su da aiki sai yabon abin da ba su duba ba. Macen da ta ciyar da shago guda da hannunta, ka mayar da ita tangaran a kabad, sannan ka yi mamaki don ta ce ta zama kaya?

Kalmar da ta faɗa ke nan.

"Na zame maka kaya, Injiniya. Kwangila nawa ka bari saboda ni? Gidan Yaya akwai hannaye da yawa."

Shi ba injiniya ba ne. Birkila ne, ɗan birkila. Ita ta laƙa masa sunan tun ranar da ya zo gyaran matakalar shagonsu, ya tsaya yana yi mata bayanin siminti alhali ba ta tambaye shi ba. Shi kuma ya rama da Kuku. Sunayen suka bi su har 'ya'yansu suka girma suka watse.

Da ta ce ta zama kaya, abin da ya kamata ya ce a bayyane yake. Bai faɗa ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, in haka kike so." Mutum ne da ya iya tsayar da bango, amma bai iya tsayar da magana ba.

Yayar ce ta zaɓi ranar tafiya, ba tare da ta san wace rana ce ba. Ranar aurensu ce. Duk shekara idan ta zagayo, Kuku takan sauko da wasu kofunan gilashi biyu daga saman kabad. Ta daka biskit ta gauraya da bota ta danna a ƙasa, ta dafa ceri, ƙananan jajayen 'ya'yan itacen nan masu ƙwallo, da sukari ta zuba a tsakiya, ta rufe da narkakken cakulan, ta sa a firij. Da yamma su zauna su biyu. Birkila ya soka cokali har ƙasa, ya ɗago, ya duba hawa ukun, ya ce, "Wannan ginin ya tsayu." Iyakar kalaman soyayyarsa ke nan a shekara, ita kuma ta saba da su. Bana ko kallon saman kabad ɗin ba ta yi ba.

Da hantsi ya ce zai leƙa wurin aiki. Ya dawo da leda a bayansa, ya leƙa ɗaki ya ga tana ninke sauran mayafai a kan gado, ya lallaɓa kicin ya tura ƙofa.

Ya daɗe yana ganin ana yin abin nan, amma irin kallon mai jiran ci. Ya dai tuna cewa ba a ɗora cakulan kan wuta kai tsaye. Ya sa ruwa a tukunya, ya ɗora kwano a bisa, ya kakkarya cakulan ɗin a ciki. Kafin ya narke ya ɗauko ƙusa daga aljihunsa, ya wanke ta da sabulu, ya fara haƙar ƙwallayen ceri. Bai yi nisa ba ƙamshi ya tashi. Ya koma kan kwanon ya tarar cakulan ya narke, yana sheƙi, gwanin sha'awa. Ya juya. Ya ɗaga cokali ya karkata shi kamar yadda yake karkata cokalin gini don ya ga zubar kwaɓi. Bai zuba yadda yake so ba, ya yi masa kauri.

To, hannun da ya tsufa a kan siminti ba ya neman shawarar kai. Kwaɓi ya yi kauri, a ba shi ruwa. Ya tsoma yatsunsa a kofi ya yayyafa, ya juya.

Nan take sheƙin ya ɓace. Cakulan ɗin ya ja jikinsa, ya dunƙule, ya yi tsaki-tsaki. Birkila ya ƙara yayyafi. Ya ƙara dunƙulewa, ya koma kamar simintin da ya kwana a baro. Ya kama kankarar kwanon da cokali yana cewa, "Kai! Kai, kai, kai."

Kada wani ya ce da gangan ya yi don ya jawo ta. Ba shi da wannan wayon. Ruwan nan da zuciya ɗaya ya zuba shi.

Ƙofa ta buɗe.

"Injiniya, me kake ƙonawa?"

"Ba komai. Je ki zauna."

"Ba komai ne yake ƙamshin cakulan?"

Ya juya ya tare murhun da faɗin bayansa.

"Matsa."

"Kuku, ƙafarki..."

"Na ce matsa, ko sai na kira leburori sun ɗauke ka?"

Ya matsa. Rabonta da tsayuwa a wurin nan tun kafin ciwon. Ta leƙa kwanon, ta dube shi, ta sake leƙa kwanon.

"Ruwa ka zuba."

"Yayyafi ne kawai."

"Yayyafi."

"Ya yi kauri, Kuku."

"Sai ka ɗauka harsashin gini kake zubawa. Ina shebur ɗin? Ina yashi? Ƙarasa mana, mu yi wa maƙwabta katanga."

Tana cikin faɗan idonta ya kai kan tebur. Ga biskit, ga bota, ga ceri a faranti, ga kofunan gilashin nan biyu an sauko da su, an wanke, an kife a kan tsumma. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ka tuna," ta ce a hankali.

"Na taɓa mantawa?"

"Ka taɓa. Na kuma taɓa yafewa."

Kunya ta kama shi, ya ɗauki kwanon da tsumma ya nufi kwandon shara. "Bari in zubar in koma shagon da na sayo, ba nisa."

"Ajiye! Wa ya ce maka ya mutu? Ka sayo kirim ɗin madara?"

"Wannan farin?"

"A'a, wancan baƙin. Zuba shi a ƙaramar tukunya ka ɗora. Kar ya tafasa. Da ka ga gefensa ya fara motsi, sauke."

Ya yi yadda aka ce. Yana jiran kirim ɗin yana ƙunƙuni.

"Yanzu kika ce ruwa ne ya ɓata shi. Wannan ba ruwa-ruwa ba ne?"

"Ɗigo ke ɓata shi, kaɗan-kaɗan ɗin nan naka. In za a ba shi, a ba shi da zafi, a ba shi isasshe. Riƙe cokali. Daga tsakiya za ka fara, kuma kar ka tsaya sai na ce."

Ta ɗauki ƙaramar tukunyar da hagu. Ya buɗe baki zai ce ta kawo, ta harare shi, ya rufe. Ta tsiyaya, ya juya. Da farko abin ya fi da muni, dunƙulalle yana iyo cikin fari.

"Ya ƙara lalacewa."

"Juya."

"Wallahi kamar kwata."

"Injiniya, da baki ake juyawa a wurin aikinku?"

Ta ƙara tsiyayawa. Ya juya har kafaɗarsa ta fara magana. Can sai wani ɗan wuri a tsakiyar kwanon ya yi duhu, ya yi santsi, ya fara sheƙi, sheƙin yana faɗaɗa zuwa gefe.

"Ga shi nan! Kuku, ga shi nan ya dawo!"

"Na gani. Akwai sauran gudaji. Ci gaba."

Ta bar shi ta koma kan farantin ceri. Ta ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda ya haƙa, ya yi kaca-kaca, yana ɗigar da jan ruwa.

"Waɗannan kuma mota ce ta taka su?"

"Ƙusa ce. Na wanke ta da sabulu."

"Ƙusar ba ta da laifi, mai ita ne."

Ta jawo wata kwalbar lemo da babu komai a ciki ta tsayar a kan tebur. Haka take yi a shago: a ɗora ceri a bakin kwalba, a soka daga sama, ƙwallon ya faɗa ciki, naman ya tsaya lafiyarsa. Ta ɗora ɗaya, ta ɗauki ƙusar da hagu, ta danna. Kwalbar ta karkata za ta faɗi. Aikin na hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya soka.

Birkila ya saki cokali.

"Cokali!"

"Bari in riƙe miki kawai..."

"In ka sake sakin cokalin nan, kai za ka shiga akwatin, Yaya ta tafi da kai."

Ya koma ya kama. Tana tsaye tana kallon kwalbar. Sannan ta sa hagu ta ɗago hannun daman, ta ɗora shi a wuyan kwalbar, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sa wa jariri riga. Ta ɗora ceri. Ta danna. Yatsun suka zame, cerin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ya gangara ya tsaya daidai gefen ƙafarsa.

Bayansa ya fara sunkuyawa da kansa, don ya saba. Sai ya tsaya a rabin hanya. Ya ga fuskarta. Ba shi take kallo ba, cerin take kallo, leɓenta a cije. Birkila ya ɗauki buhunan siminti a ka, ya hau bene da bulo a kafaɗa cikin rana, amma bai taɓa yin aiki mai nauyin miƙewar da ya yi a lokacin ba. Ya miƙe, ya zuba wa kwanonsa ido, ya ci gaba da juyawa.

Ta dafa tebur, ta sunkuya, ta ɗauka. Ta ɗauraye a famfo. Ta sake jera yatsun a wuyan kwalba, ta haɗa da cikinta ta tokare. Ta danna.

Ƙwas. Ƙwallon ya faɗa ƙasan kwalba.

Ta ɗora wani. Ƙwas. Wani ya zame, ta ja tsaki, ta sake. Ba wani abin al'ajabi ya faru ba, hannun bai warke ba. Yatsu uku ne suke ɗan kamawa, sauran suna tsaye sakaka, gumi kuma yana bin goshinta. Da birkila ya ce mata sannu da ƙoƙari, da ya ɓata komai. Allah ya taimake shi bai faɗa ba. Sai da ta kai rabin farantin ya yi gyaran murya.

"Kina da nawar aiki fa, Kuku. A wurin aikina da tuni an sallame ki."

Ta kwashe da dariya, irin wadda bangon gidan ya daɗe bai ji ba.

"A wurin aikina da tuni an ɗaure ka. Mai zuba wa cakulan ruwa! Sauke kwanon, ya isa. Ɗora waɗannan da sukari, wuta kaɗan."

Dakan biskit kam ya zo gidansa. Ya zuba a leda ya bi shi da dunƙulen hannu har ya zama gari. Ya gauraya da bota, ya danna a ƙasan kofunan da babban yatsa yana cewa in tushe bai zauna ba, aikin banza ne. Ita ta zuba ceri bayan ya huce. Shi ya zuba cakulan, ya bi samansa da bayan cokali a hankali, kamar filastar falon mai kuɗi. Ta duba ta ce, "Wannan kam na yarda, ka fi ni." Da ya sa kofunan a firij sai ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya ce saman ya karkata. Ya yago kwali ya ninke ya cusa a ƙarƙashin ƙafar firij ɗin.

"Tun yaushe nake ce maka firij ɗin nan ya karkace?"

"Ai ba ki ce yana shafar aiki ba."

Suna cikin haka aka ji hon ɗin mota a waje.

Yayar tsohuwar shugabar makaranta ce, har yanzu kuma da muryar da take tara ɗalibai take magana. Ta yi sallama, ba ta jira amsa ba, ta ga akwati, ta ga kujera babu kowa, ta biyo ƙamshi zuwa kicin. Da ta ga hannun ƙanwarta jajur sai ta dafe ƙirji.

"Jini!"

"Ceri ne, Yaya."

Ta juya kan birkila. "Kai da nake yabo a ko'ina, ashe marar lafiya kake sa wa aiki?"

"Yaya, ni aka sa aiki. Dubi kafaɗata."

"Ba na son wasa. Ɗauko akwatin ka sa a mota, mu tafi kafin hanya ta cushe."

Kuku ba ta motsa ba, ba ta kuma ce ba za ta tafi ba. Tana goge hannun daman da tsumma tana kallon mijinta. Shi kuwa ya dubi firij, ya dubi rufin ɗaki, ya sosa ƙeya.

"Yaya, ai bai kama ba tukuna."

"Mene ne bai kama ba?"

"Abin da ke firij. Ba a barin aiki ranar da aka zuba shi. Sai an ga kamawarsa."

"To zuwa yaushe zai kama?"

"Ya danganta. Kankare kan yi makonni."

"Injiniya," in ji matar, "cakulan ne, kafin rana ta faɗi ya kama. Yi magana irin ta mutane."

Ya tsaya riƙe da cokali kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Sannan maganar ta fito, a karkace, amma ta fito.

"Kar ki tafi, Kuku. Ban iya ba. Ba girkin nake nufi ba, gidan ne ban iya ba in ba ki. Ni na zaunar da ke, na gani ɗazu. Daga yau in abu ya faɗi ƙasa, ke za ki ɗauka."

Yayar ta riƙe haɓa. "Wannan shi ne lallashin? Ke za ki ɗauka? Allah ya jiƙan mijina, da shi ne da waƙa zai haɗa."

"Yaya, ba za ki gane ba," in ji Kuku. "Tun da muka yi aure bai taɓa faɗa mini magana mai daɗin wannan ba."

Yayar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi kwalbar da ƙwallaye a ciki da jan shatin yatsu a wuyanta. Mace ce mai faɗa, amma ba makauniya ba ce.

"Na ƙona mai a banza ke nan. To a ba ni nawa kason."

"Kofi biyu ne, Yaya."

"Marowata. Miƙo kwanon."

Ta tafi falo da kwanon cakulan da cokali, ta zauna a kujera mai taushin tana kankara, tana faɗa wa talabijin irin butulcin ƙanne. Birkila ya nufi akwatin, har ya miƙa hannu, sai ya janye. Kuku ta zo ta kama mariƙin da hagu, ta saƙala yatsun dama a gefensa, ta fara ja. Tafiyar taku kaɗan ce daga ƙofa zuwa ɗaki, amma ta ɗauki lokaci, har akwatin ya daki ƙafar tebur. Yana biye da ita, hannayensa a haɗe ta baya kamar mai duba aiki, yana matse su don kar su kubce masa.

Da rana ta yi sanyi Yayar ta tafi, bayan ta karɓi alkawarin za a yi mata nata kofin. Hoton bikin ya koma kan ƙusarsa a bango. Suka zauna a teburin kicin, kofi a gaban kowa. Birkila ya soka cokali har ƙasa, ya ɗago, ya duba hawa ukun ta gefen taga.

"Wannan ginin ya tsayu."

Ya kai baki. Ya tauna sau ɗaya, sai haƙorinsa ya daki wani abu mai tauri. Ƙwallo ne, ɗaya ya tsere mata. Birkilan jiya da ya haɗiye shi ya yi shiru don kar ranta ya ɓaci. Ya juya shi a baki, ya yi tunani, sannan ya tofa shi a tafin hannu ya ajiye a gabanta.

"Kuku, wane irin aiki ne wannan? Saura kaɗan in rasa haƙori."

Ta dubi ƙwallon, ta sa yatsun dama ta ture shi a hankali zuwa gefensa na tebur.

"Kai ƙara wurin mai shagon kek," ta ce. "Baɗi zan gyara. Kai dai ka yi nesa da famfo."